Makullin Inji a Hannun Wa? Tsofaffi da Sababbin Katunan Hoto na Kwamfuta da Makomar Masana'antun Kano

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara, aka buga shi a nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba)

Gabatarwa



Batun da aka ɗora mana nauyin yin magana a kansa, a kallon farko, ƙarami ne ƙwarai. Ya shafi wani ɗan kati ne da ke cikin kwamfuta, wanda aikinsa shi ne fitar da hoto a allo, da kuma wata 'yar manhaja da ke sa katin ya yi aiki. Wani zai ce ina ruwan biri da gada? Amsar ita ce, da yawa daga cikinmu suna cin abinci ne a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, wasu ma'aikata, wasu 'yan kwangila, wasu masu kai kaya, wasu kuma masu ƙananan wuraren ɗab'i da ɗinki da ke rayuwa a gefen manyan. Saura kuwa, kusan babu wanda bai taɓa fitar da kuɗinsa ya sayi kwamfuta ba, ko don ofis, ko don ɗa mai karatu, ko don aikawa gida. Abin da muke son mu tabbatar a yau guda ɗaya ne: tsawon ran na'ura yana hannun wanda ya riƙe ilimin sarrafa ta. Saboda haka kafin mu tambayi kuɗin na'ura, ya kamata mu fara tambayar a hannun wa makullinta yake.

Darasin Bompai da Sharaɗa da Challawa

Kano ta daɗe da sanin sana'a kafin zuwan inji. Rinin Ƙofar Mata da jima da saƙa da ƙira sun kai sunanta ƙetaren Sahara tun ƙarnuka da dama. Zuwan jirgin ƙasa a shekarar 1911 ya buɗe cinikin gyaɗa da fata da auduga, daga nan kuma aka fara kafa masana'antu. Bompai ita ce babbar yaya, domin ta fara tsayuwa tun a ƙarshen zamanin mulkin mallaka. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai Sharaɗa mai rukuni uku da Challawa suka biyo baya, suka bunƙasa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Aka sami masaƙu da kamfanonin man gyaɗa da na fulawa da alewa da sabulu da robobi da kekuna, Challawa kuma ta shahara da manyan majemu. Dattawan da ke zaune a nan sun ga lokacin da ake busa jiniya sau uku a rana, ma'aikata na fita wasu na shiga, titi ya cika da kekuna.

Mun kuma san abin da ya biyo baya. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da ake sayowa da kuɗin waje suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, daga baya kuma atamfa da shadda masu araha daga ƙetare suka cika Kantin Kwari. Masaƙu da yawa suka rufe, wasu gine-ginen suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. Masana'antun da suka tsira, da yawansu sun tsira ne da hannun masu gyara na gida. In wani ƙarfe mai haƙora ya karye, kamfanin da ya ƙera injin kuwa ya daina yin irinsa, sai a ɗauki karyayyen a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe, ya auna, ya fitar da sabo. In mota mai juya inji ta ƙone, masu naɗin kwayil suna nan. In boris ne ko bel, a zagaya Ƙofar Ruwa. Injin da aka ƙera a Jamus ko Italiya shekara arba'in da suka wuce yana nan yana juyawa, saboda ƙarfe ba ya ɓoye sirrinsa ga mai ma'auni.

Yau kuwa al'amarin ya sauya. Wanda ya shiga masana'antar da ke aiki zai tarar da kwamfuta a ofishin lissafi, da wajen sikelin auna manyan motoci, da ɗakin kyamarorin tsaro. Zai tarar da ita a inda ake zana tambarin da za a buga a jikin buhu da leda da kwali, da inda ake zana siffar tafin takalmi ko bokitin roba kafin a sassaƙa mazubinsa, da kuma gefen injin surfani mai kawuna da yawa. Wani lokacin ma kwamfutar ce ke ba babban injin umarni. A nan ne aka sami wani sabon irin kayan gyara wanda ba a iya aunawa, ba a iya sassaƙawa, ba a kuma samunsa a Ƙofar Ruwa.

Katin Hoto da Tafintarsa

Duk abin da ido ke gani a allon kwamfuta, rubutu ne ko zane ko bidiyo, wani sashe ne na musamman ke lissafa shi, ɗigo bayan ɗigo, yana sabunta shi kamar sau sittin a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan sashe shi ne katin hoto. A wasu kwamfutocin kati ne mai zaman kansa da ake sokawa a cire, a wasu kuma, musamman na tafi-da-gidanka, an haɗe shi ne a jikin ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kamfanoni uku na Amurka ne suka mamaye wannan kasuwa: Intel da AMD da NVIDIA.

Kowane kati yana da harshensa, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kuma, kamar Windows ko Linux, ba ta jin wannan harshe. Dole sai da wata manhaja a tsakani mai fassara umarni. Masu gyara a titin Beirut suna kiranta direba. Mu a wannan jawabi za mu kira ta tafinta, domin aikinta ke nan. In babu tafinta, ko kuwa ta tsufa ta daina fahimtar sabuwar babbar manhaja, sai a ga rubutu ya kumbura, zane na tafiya da ƙyar, allo na ƙyaftawa, ko ya yi baƙi ƙirin. Katin lafiyarsa lau, amma ya zama kurma.

Tafintoci iri biyu ne. Akwai rufaffiya, wadda kamfani ke rubutawa ya ɓoye asalin rubutunta, ya ba ka abin da za ka ɗora kawai. Ba mai iya gyara ta sai shi, ranar da ya ce ya daina kuwa, an daina ke nan. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda asalin rubutunta ke fili, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Bambancinsu kamar na inji biyu ne, ɗaya an sayar maka tare da littafin zanensa, ɗaya kuma an yi wa murfinsa walda.

Abin sha'awa shi ne, tafiyar buɗaɗɗiyar manhaja ta samo tushe ne daga irin wannan matsala. Wajen shekarar 1980, wani masani mai suna Richard Stallman, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, ya so ya gyara manhajar wani injin buga takardu na Xerox da ke yawan cije takarda, aka hana shi asalin rubutun. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa ya kafa shirin GNU a 1983. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. A 1993 Brian Paul ya fara Mesa, wadda a yau ita ce gidan da yawancin buɗaɗɗun tafintocin hoto suke zaune. Kada wani ya ɗauka wasan yara ne: tun daga Nuwamba 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita, wayoyin Android da ke aljihunmu ma a kanta aka gina su.

Kamfanoni Uku, Hanyoyi Uku

Intel ce ta fi daɗewa a kan buɗaɗɗiyar hanya. Ma'aikatanta da kansu suke rubuta tafintar Linux a fili, a 2008 kuma ta fitar da littattafan bayanin sassanta na hoto ga kowa. Amfanin haka ya bayyana a 2021, lokacin da Dave Airlie, injiniya a kamfanin Red Hat, ya kammala sabuwar tafinta mai suna Crocus domin sassan Intel da aka ƙera daga 2006 zuwa wajen 2013. Mu lura da wannan da kyau: sabuwar tafinta, ga kayan da wasunsu suka shekara goma sha biyar. Irin waɗannan sassa ne ke cikin ɗimbin kwamfutocin HP da Dell da Lenovo na gwanjo da suka cika ofisoshinmu da makarantunmu. A ɓangaren sababbi kuma, katunan Arc da Intel ta fitar a 2022 sun zo da buɗaɗɗiyar tafinta tun farko.

AMD ta sayi kamfanin ATI, mai katunan Radeon, a 2006. A Satumba 2007 ta fara sakin bayanan katunanta ga jama'a, a 2015 kuma tafintarta mai suna amdgpu ta shiga cikin Linux. Da ƙofa ta buɗe, sai na waje suka shigo. A 2016 wasu masana biyu, Dave Airlie da Bas Nieuwenhuizen, suka fara wata tafinta mai suna RADV ba da umarnin AMD ba. Ta yi kyau har kamfanin Valve ya ɗora na'urarsa ta wasanni, Steam Deck, a kanta a 2022, a 2025 kuma AMD da kanta ta ajiye irin tata ta rungumi RADV. Tsofaffin katuna ma sun ci moriya. Radeon 9700 ya fito ne a 2002, amma bayan shekara ashirin masu sa kai suna ta yi wa tafintarsa gyara. A 2025 wani injiniya da ke yi wa Valve aiki, Timur Kristóf, ya ƙarasa aikin mayar da katunan Radeon na 2012 da 2013 kan sabuwar tafinta, suka ƙara sauri bayan sun haura shekara goma a duniya.

NVIDIA ce ta bi doguwar hanya. Tafintarta tana da inganci da sauri, amma shekara da shekaru a rufe take. Sai wasu masu sa kai suka ɗauki aikin da ya yi kama da na mai warware saƙa don ya gane yadda aka yi ta: suna lura da abin da rufaffiyar tafinta ke faɗa wa kati, suna rubuta tasu. Suka sa mata suna Nouveau, wato sabo da Faransanci, ta kuma shiga Linux a 2010. A 2012, a Jami'ar Aalto ta Finlan, Linus Torvalds ya fito fili ya bayyana NVIDIA a matsayin kamfanin da ya fi ba su wahalar mu'amala. Daga katunan GTX 900 na 2014, kamfanin ya sa wani kulle: kati ba ya karɓar wasu umarni sai da 'yar manhajar ciki mai ɗauke da sa hannun kamfani. Sakamakon haka, a ƙarƙashin Nouveau, katunan GTX 900 da GTX 1000 suna kunnuwa amma ba sa kai wa ga cikakken gudunsu, kamar babbar mota da aka hana ta wuce giyar farko.

Sauyi ya zo a Mayu 2022, lokacin da NVIDIA ta buɗe ɓangaren tafintarta da ke hulɗa da zuciyar Linux, amma ga katunan da aka ƙera daga 2018 zuwa sama kaɗai, wato GTX 1600 da RTX 2000 da na bayansu. A 2024 ta mai da wannan buɗaɗɗen ɓangare zaɓinta na farko, katunan RTX 5000 na 2025 kuwa da shi kaɗai suke aiki. Duk da haka, babban ɓangaren da ke hulɗa da manhajojin zane yana nan a rufe. Domin cike wannan giɓi ne Faith Ekstrand ta kamfanin Collabora da abokan aikinta suka fara tafintar NVK a 2022, wadda ta kai matsayin amfanin yau da kullum a 2024.

Ga kuma inda abin ya fi shafar mai sayen na gwanjo. NVIDIA tana yanke tallafi rukuni-rukuni. Katunan da ake kira Kepler, wato yawancin GTX 600 da 700, da GT 710 mai araha, da irin su Quadro K2000 da K4000 da ake samu a cikin tsofaffin kwamfutocin injiniyoyi, an daina yi musu sababbin abubuwa a 2021, facin tsaro ma ya ƙare a Satumba 2024. A 2025 aka sanar cewa zubi na 580 shi ne na ƙarshe ga GTX 900 da GTX 1000, sai facin tsaro kawai zuwa Oktoba 2028. Waɗannan na biyun su ne suka faɗa tsakiya: kamfani na shirin sakin hannunsu, kullen 2014 kuma ya hana masu sa kai riƙe su yadda ya kamata.

Buɗaɗɗiya Ma Tana da Iyaka

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Buɗaɗɗiyar tafinta ba ta nufin rai madawwami. Tana rayuwa ne muddin akwai mai kula da ita. A 2022 masu Mesa suka kwashe tafintocin da suka fi tsufa suka mayar da su wani reshe na gefe mai suna Amber. A Afrilu 2023, a zubi na 6.3 na Linux, aka cire wani rukuni na tafintocin katunan ƙarshen shekarun 1990, irin su 3dfx da ATI Rage 128 da S3 Savage da Intel i810, saboda an rasa mai kula da su. Amma mu duba lissafin. Kamfanin 3dfx ya sayar da kadarorinsa ga NVIDIA a ƙarshen 2000, ya kuma rushe a 2002. Tafintarsa ta rayu shekara ashirin bayan mutuwar uban gidanta, rubutun kuma har gobe yana nan a ajiye ga duk wanda ke da bukata da ilimin tayar da shi. Rufaffiya takan mutu ne ranar da kamfani ya yanke hukunci. Buɗaɗɗiya kuwa sai ranar da mutum na ƙarshe ya daina damuwa da ita.

Me Ya Sa Maganar Ta Taso Yanzu?

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da, a kayan Intel, ba ta girmi ƙarshen 2017 ba. Kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ke aiki lafiya sun faɗi wannan jarrabawa. Barin su a kan intanet babu facin tsaro kuwa ganganci ne. A 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila, ta kuma tsayar da aiki a masana'antun motoci na Renault da Nissan da Honda. Abin da ya ci doma ba ya barin awai.

Na biyu, kuɗi. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, ninki uku da ɗoriya. Mai masana'antar da ke fama da dizal da kuɗin wuta da albashi, in aka ce masa ya zubar da kwamfuta ashirin masu aiki ya sayi sababbi, an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa.

Na uku, mu ne kasuwar tsofaffin kaya. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fitar a 2018 ya nuna cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu cikin Nijeriya a kowace shekara, sama da tan 15,000 daga ciki kuma matattu ne tun kafin su sauka. Duk lokacin da aka yanke wa wani rukunin kaya tallafi a Turai da Amurka, ofisoshi can sukan sallame su, su biyo jirgin ruwa zuwa Legas, su hau tirela zuwa Kano. Za su zo da araha. Wanda ya sani zai tsinci alheri a cikinsu, wanda bai sani ba zai sayi wahala da kuɗinsa. A duniya baki ɗaya, sharar lantarki ta kai tan miliyan 62 a 2022, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tabbatar an sake sarrafawa ta hanyar da ta dace. Mu da muka ga abin da ruwan majemu ya yi wa Kogin Challawa ba ma bukatar a ba mu labarin illar dattin masana'antu.

Inda Ya Kamata a Yi Hattara

Ba muna cewa kowa ya koma gida ya goge Windows ba ne. Manhajojin da masu zanenmu suka saba da su, irin su CorelDRAW da AutoCAD da Photoshop, ba a yi su domin Linux ba. Akwai madadinsu na kyauta: Inkscape domin tambari da zane, GIMP domin hoto, FreeCAD domin zanen injiniya, Blender domin siffofi masu tudu da kwari, LibreOffice domin rubutu da lissafi, da Ink/Stitch domin zanen surfani. Suna aiki, amma sai an koya, kuma wanda ya shekara goma hannunsa na kan abu ɗaya ba ya sauyawa a mako guda.

Haka kuma kwamfutar da ke ba babban inji umarni, wadda ta zo tare da shi daga masana'antar da ta ƙera shi, ba abar taɓawa ba ce da garaje. Abin da ya dace da ita shi ne a raba ta da intanet, a hana soka mata filashin kowa, a kwafi duk abin da ke cikinta a adana, a kuma nemi irin katinta da sauran sassanta a ajiye tun suna samuwa. Sannan a yi lissafin wuta. Tsohuwar babbar kwamfuta mai katon kati tana iya shan wutar da ta ninka ta ƙaramar sabuwa sau da yawa, ga wanda ke kan janareta ko sola kuwa wannan kuɗi ne. Wani lokacin riƙe tsohuwar ne riba, wani lokacin sallamarta. Ilimi ne ke raba gardama.

Shawarwari

Na ɗaya, kafin a sayi kwamfuta, sabuwa ko ta gwanjo, a nemi sanin sunan katin hotonta da shekarar da aka ƙera shi. Domin aikin ofis da makaranta da shago, mai sashen Intel ko AMD ta fi kwanciyar hankali, domin tafintarta tana zuwa ne a cikin Linux, ba sai an nemo ba. Wanda aikinsa ke bukatar NVIDIA, ya yi ƙoƙari ya sayi na 2018 zuwa sama.

Na biyu, a gwada kafin a biya. Ana iya ɗora Linux Mint ko Ubuntu ko Debian a kan filashi, a tayar da kwamfuta da shi ba tare da an goge komai ba. Cikin minti goma za a ga ko allo ya fito daidai, ko bidiyo na tafiya, ko allo na biyu na kamawa. Gani ya kori ji.

Na uku, masu masana'antu da manajoji da ke cikinmu su sa a rubuta jerin kwamfutocinsu kaf: wace ce ke kan intanet, wace ce ke riƙe da inji, wace ce tallafinta ya ƙare. A fara sauya waɗanda aikinsu rubutu ne da lissafi da aika saƙo. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan buɗaɗɗiyar manhaja, kuma daki-daki ta tsara tafiyar, ta fara da manhajar ofis. In mai wadata ya yi haka, mu ne muka fi cancanta. Haka nan, duk sabon injin da za a sayo, a sa a cikin yarjejeniya shekara nawa za a tallafi manhajarsa, da abin da za a miƙa wa mai saye in an daina.

Na huɗu, masu niyyar aika kwamfutoci gida, makaranta ko asibiti ko ɗakin karatu, kada su aika gawa. A duba su, a ɗora musu babbar manhajar da ke samun facin tsaro, a kuma haɗa da wanda zai koyar ya kuma riƙa dubawa. Kwamfuta goma masu aiki da mai kula sun fi hamsin da aka jibge a ɗaki ƙura na ci.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, matasanmu. Muna da 'ya'ya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, muna da wasu a shagunan titin Beirut da Farm Centre. Rubutun Linux da na Mesa a fili suke, kyauta, ba a tambayar takardar shaida kafin a karɓi gyaran mutum, ingancin aikinsa kawai ake dubawa. Ba sai an fara da rubuta tafinta ba. Gwada tsohon kati da aika rahoton matsala dalla-dalla gudummawa ce babba, domin sau da yawa abin da masu kula da waɗannan tafintoci suke rasa shi ne wanda ke riƙe da tsohon katin a hannu. Mu kuwa irin waɗannan katuna tuli suke a wajenmu. Da yawa daga cikin injiniyoyin da Red Hat da Valve da Collabora suke biya a yau, da aikin sa kai suka fara, daga ɗakunansu.

Kammalawa

'Yan uwa, iyayenmu da suka yi aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun riƙe injuna da rai a lokacin da kuɗin waje ya gagara, saboda sun iya buɗe murfi su auna su gyara. Injunan zamaninmu rabinsu ƙarfe ne, rabinsu rubutu. Wanda ya iya ƙarfen kaɗai, rabin injin ya mallaka. Tarihin Intel da AMD ya nuna cewa in an buɗe ilimi, kaya na daɗewa, tarihin NVIDIA kuma ya nuna cewa naci da haƙuri na masu amfani suna iya sa babban kamfani ya sassauto. Abin da ya rage namu ne: mu yi tambaya kafin mu saya, mu gwada kafin mu biya, mu kuma tarbiyyantar da masu gyaran da za su gaji masu sassaƙar ƙarfe da masu naɗin kwayil. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai a hannun wanda ya san yadda ake haɗa shi.